Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ofishin Jakadancin Ailan a Abuja, Kafin Ranar 17 Ga Maris

Mai girma Jakada, da sauran ma'aikatan ofishi,

Ina gaishe ku gaisuwa ta mutunci, da fatan kuna lafiya, kuna kuma haƙuri da zafin da ke tasowa a irin wannan lokaci, wanda ba ya raga wa ɗan ƙasa balle baƙon da ya fito daga tsibirin da yayyafi ba ya ɗaukewa.

Ni malamin tarihi ne a Kano. Ban taɓa taka ƙasarku ba, kuma ba biza nake nema ba, saboda haka hankalinku ya kwanta. Abin da ya haɗa ni da ku gwaggona ce, wadda ta yi karatu a hannun sistocin Katolika na St. Louis da ke Bompai, waɗanda na farkonsu suka iso Kano daga Ailan a 1948. Tsohuwar nan hajiya ce, carbi ba ya barin hannunta, amma har gobe in ta ji yaro yana jan takalmi a ƙasa sai ta ce da a gaban Sista ne da ya gane kurensa. A bakinta na fara jin sunan ƙasarku, tun ban san inda take a taswira ba. Da gangan na rubuto da Hausa. Mutanen da suka kusa rasa harshensu, suke ta faman raya shi har yau, ba za su ga laifin wanda ya yi musu magana da nasa ba, kuma na san ba za ku rasa mai karanta muku ba.

Watan Maris ya ƙarato, kuma na san abin da zai faru. Ministocinku za su watse cikin duniya kamar an buɗe wa tantabaru ɗaki. A 2024 wakilai sama da 30 aka tura ƙasashe sama da 40 don bikin ranar Waliyyi Patrick, majiɓincin ƙasarku, wadda ake yi duk 17 ga Maris. Jaridunku na gida za su yi ta ƙorafin kuɗin jirgi da na masauki, kamar yadda suka saba kowace shekara. A wannan gardama ina bayan masu tafiyar. Zumunta a ƙafa take, kuma ban san wata ƙasa da take samun riba irin wannan da ɗan abin da take kashewa ba.

Ku dubi lissafin da idon ɗan waje. Ƙidayar 2022 ta ce mutanen jamhuriyarku miliyan 5 ne da ɗan ɗoriya. Ko an haɗa da Arewacin Ailan, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya, tsibirin gaba ɗaya bai kai jihar Kano yawan jama'a ba. Ba ku da man fetur, ba ku da rundunar da za ta firgita kowa. Duk da haka firaministanku, wanda kuke kira Taoiseach, yana da ajiyayyen lokaci a fadar White House kowace shekara: ya gana da shugaban Amurka, ya ci abincin rana da shugaban majalisar wakilai, sannan ya miƙa tasar gilashi cike da shamrock, ɗan tsiron nan mai ganye uku-uku. Shugabannin manyan ƙasashe kan yi wa'adinsu su gama ba su ga wannan ƙofa a buɗe ba. Kuma abin ya faro ne daga ɗan akwati. A 1952 jakadanku a Washinton, John Hearne, ya aika wa Shugaba Truman kyautar ganyen, ga shi Truman ɗin ba ya ma gari. Wannan Hearne, bayan ya yi ritaya, nan Najeriya ya zo ya taimaka wa sabuwar ƙasa wajen tsara dokoki. A 1956 firaminista John Costello ya miƙa wa Eisenhower ganyen hannu da hannu, daga shekarun 1990 kuma abin ya zauna da gindinsa, ya zama al'adar da ba a tsallakewa.

Ban da wannan ga koren fenti da koren haske. Tun 1962 ake rina kogin Chicago. Daga 2010 hukumar yawon buɗe idonku ta shiga haskaka shahararrun gine-ginen duniya da kore, ta faro daga Sydney, har abin ya kai dalolin Masar da hasumiyar Pisa. Talla ce da ta kai talla, ban musa ba. Amma ba ita ce ta buɗe muku ƙofa ba, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Wa ya gina ranar nan? Ba gwamnatin Dublin ba ce. Mutanen da suka bar gida ne. A Boston 'yan Ailan sun yi taron ranar tun 1737. A New York faretin ya faro a 1762, kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Amurka. A gida kuwa sai 1903 ranar ta zama hutun hukuma, kuma ranar zuwa coci ce da zaman iyali. Abin da zai ba masu karatuna mamaki shi ne, daga 1927 har tsawon shekaru sama da 30 doka ta hana buɗe mashaya a Ailan a wannan rana. Babban bikin Dublin na kwanaki da ake nunawa a talabijin yanzu, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka ƙirƙiro shi, kuma a fili yake daga 'ya'yanku na ƙetare kuka koyo salon.

Su kuwa waɗannan 'ya'ya, yunwa ce ta kore su. Tsakanin 1845 da 1852 cuta ta cinye dankalin da talakanku ya dogara da shi, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, sama da miliyan ɗaya suka hau jiragen ruwa, alhali ana ci gaba da fitar da abinci daga tsibirin ƙarƙashin mulkin Landan. Kafin yunwar mutanen tsibirin sun haura miliyan 8, kuma har yau ba a koma wannan adadi ba. Waɗanda suka tsira suka isa Amurka a tsumme, Katolika a cikin Furotesta, ana yi musu kallon ƙazamai masu ƙwace aikin 'yan gari. Faretin da suke yi ba na nishaɗi ba ne zalla. Fitowa ce ta nuna yawa, ta a gaya wa masu gari cewa muna nan, kuma muna da ƙuri'a. Jikokinsu ne suka zama 'yan sanda, suka zama magadan gari, suka zama sanatoci, har ɗayansu, John Kennedy, ya shiga White House. Yau Amurkawa sama da miliyan 30 ne ke cewa tushensu Ailan. Wannan ne jarin da firaministanku ke ci duk Maris. Gadon mayunwata ne. Kuma a lokacin yunwar, cikin waɗanda suka miƙo hannu har da Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid, wanda ya aiko da fam 1,000 a 1847, da 'yan ƙabilar Choctaw na Amurka, waɗanda ba su daɗe da fita daga ƙaurar dole ba amma suka tara ɗan abin da suke da shi.

Shi kansa mai ranar ma ba ɗan Ailan ba ne. A Birtaniya ta zamanin Rumawa aka haife shi. Yana ɗan shekara 16 'yan samame suka ɗauke shi, suka tsallaka teku da shi, ya yi shekara shida yana bawa yana kiwo kafin ya tsere. A nan Arewa, inda satar mutane ta zama ruwan dare, ba ma buƙatar a fassara mana labarin yaron da aka ɗauke daga gidan ubansa. Daga baya ya koma wurin mutanen da suka bautar da shi yana wa'azi. Cikin rubuce-rubuce biyu da ya bari, ɗaya wasiƙa ce ta la'antar wani jarumin yaƙi, Coroticus, wanda sojojinsa suka kashe mabiyansa suka kwashe saura don sayarwa, kuma ya so a karanta ta a bainar jama'a. Wato shi ma buɗaɗɗiyar wasiƙa ya rubuta, don haka ina ganin ba za ku ce na yi rashin ladabi ba. A tsibirin Montserrat na yankin Karibiyan kuwa, inda ranar take hutun hukuma, abin da ake tunawa har da boren da bayi 'yan Afirka suka shirya a 17 ga Maris 1768, kuma da yawa daga iyayen gijin da suka so kifarwa 'yan Ailan ne. Wannan ma yana cikin tarihin ranar, bai kamata a rufe shi da koren haske ba.

To, bawa, makiyayi, baƙo, sannan mayunwata 'yan gudun hijira. Da su aka ƙera mabuɗin. Tambayata ita ce wace ƙofa kuke buɗewa da shi.

Kun taɓa amfani da shi yadda ya kamata, kuma a kan wannan nake koyar da ɗalibaina. A ranar 17 ga Maris 1977 wasu manyan 'yan siyasar Amurka huɗu masu jinin Ailan, Tip O'Neill da Edward Kennedy da Daniel Moynihan da Hugh Carey, suka fitar da sanarwa suna kiran 'yan'uwansu da su daina tallafa wa masu ɗauke da makami a Arewacin Ailan. Ba ƙaramar magana ba ce, domin akwai kuɗin da ake tarawa a unguwannin Boston da New York da sunan kishin gida. Ranar da aka saba raira waƙoƙin tawaye, ita suka zaɓa su ce ya isa. A 1995 Shugaba Clinton ya gayyaci Gerry Adams na jam'iyyar Sinn Féin zuwa bikin, watanni kaɗan bayan ƙawarta ƙungiyar IRA, mai yaƙar mulkin Birtaniya a Arewacin Ailan da makami, ta tsagaita wuta, har firaministan Birtaniya John Major ya yi kwanaki bai amsa kiran wayarsa ba. A shekarun da suka biyo, mutanen da ba za su iya zama ɗaki ɗaya a Belfast, babban birnin Arewacin Ailan, ba sun riƙa haɗuwa a Washinton da sunan biki. Wanda ba zai je taron sulhu ba don kada a ce ya karaya, ai zai iya zuwa walima. Ranar 10 ga Afrilu 1998 aka cimma yarjejeniyar zaman lafiya, bayan rikicin da ya ci rayuka sama da 3,500. Kuma da aka kashe wani magidanci, Robert McCartney, a Belfast a farkon 2005, aka zargi 'yan IRA, sai a Maris ɗin aka rufe wa Adams ƙofar White House aka buɗe wa 'yan'uwan mamacin mata. Kafin ƙarshen Yulin shekarar IRA ta sanar da ajiye makamai. Ba na cewa gayyatar walima ce kaɗai ta jawo haka, amma wanda ya ce ba ta da hannu bai karanta tarihin ba.

Saboda wannan ne ban yarda da masu cewa a ƙaurace wa bikin White House saboda Gaza ba, ko da yake na fahimci zafin da ke cikin zukatansu, irinsa ne a nawa. Jam'iyyar SDLP ta Arewacin Ailan ta ƙi zuwa a 2024, shugabannin Sinn Féin suka ƙi zuwa a 2025. Jam'iyya tana iya yin haka. Gwamnati kuwa in ta bar kujerar, wani ne zai hau. Kun ga misali a 17 ga Maris 2025, lokacin da ɗan damben nan Conor McGregor ya tsaya a White House yana zagin baƙin haure da sunan Ailan, har sai da firaminista Micheál Martin ya fito ya ce ba da yawun mutanen ƙasar yake magana ba. A ranar baƙo, a gidan da jikokin baƙi suka buɗe!

Amma zuwan ba shi da amfani in za a je a yi shiru. A Maris 2024 firaminista Leo Varadkar ya tsaya kusa da Shugaba Biden ya faɗa masa cewa mutanen Ailan suna ganin tarihinsu a cikin halin da Falasɗinawa ke ciki, na kora daga gida da ƙwace ƙasa da yunwa, ya kuma nemi a tsagaita wuta. A ranar 28 ga Mayun shekarar kuka amince da ƙasar Falasɗinu tare da Sifaniya da Norway, kafin shekarar ta ƙare Isra'ila ta ce za ta rufe ofishin jakadancinta a Dublin. A majalisun hira na Kano, inda da yawa ba su iya bambance Ailan da Ingila ba, a lokacin ne aka fara bambancewa. Koren haske na shekara goma bai saya muku wannan suna ba. Ganawar 12 ga Maris 2025 kuwa, wadda na kalla, Shugaba Trump ne ya cinye mafi yawan lokacin yana ƙorafin kamfanonin magungunan Amurka da suka tare a ƙasarku, baƙon nasa Micheál Martin yana ta taka-tsantsan. Na san dalili. Apple da Google da Pfizer da Intel suna can, harajinsu ne ke riƙe da babban ɓangare na baitulmalinku, kuma wanda tuwonsa ke hannun wani ba ya ɗaga murya yadda yake so. Ban ce ku watsar da tuwonku ba. Cewa na yi a kowace shekara, kafin a miƙa tasar nan, a ware ko da minti biyu a faɗi maganar da mai masauki ba ya son ji. Firaminista Enda Kenny ya yi haka a 2017 a gaban wannan Trump ɗin, ya tuna masa cewa Patrick baƙo ne kuma majiɓincin baƙi, kuma sama ba ta faɗo ba.

Akwai wata magana da ta fi wannan kusa da mu. Shekara da shekaru ministocinku na roƙon Amurka ta tausaya wa 'yan Ailan da ke zaune can babu takardu. Roƙo ne mai kyau, sai dai yana da nauyi a kan mai yin sa. 'Yan Najeriya ne suka fi yawa cikin 'yan Afirkan da ke ƙasarku. Ɗayansu, Rotimi Adebari, ya zama magajin garin Portlaoise a 2007. Rhasidat Adeleke, wadda iyayenta 'yan nan ne, tana gudu da tutarku. Chiedozie Ogbene, haifaffen Legas, ya sa koriyar rigar ƙwallonku. Na yaba da shirin da kuka buɗe a 2022 na bai wa marasa takardu izinin zama. Amma mun tuna ƙuri'ar raba-gardamar 2004 da ta soke bai wa duk jaririn da aka haifa a tsibirin takardar ɗan ƙasa kai tsaye, da yadda aka riƙa nuna matan Najeriya da yatsa a lokacin muhawarar. Mun kuma ga motocin da aka ƙona a tsakiyar Dublin a Nuwamba 2023 ana ihun a kori baƙi. Wanda zai je Washinton ya roƙa wa nasa baƙi sassauci, to ya tabbata jawabin da zai yi a can zai iya maimaita shi a gida ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Yanzu bari in dawo gida, domin a nan ofishinku yake da iko.

Tsakaninmu da ku ba yau ba ne. Firaminista Seán Lemass da kansa ya halarci bikin 'yancin kanmu a Legas a 1960. A 1961 kuka buɗe ofishin jakadanci, a shekarar ce kuma limaman Katolika suka ayyana Patrick a matsayin waliyyin Najeriya. Mafi yawan labarin da ake bayarwa na Kudu ne: Bishop Shanahan da makarantun ƙasar Ibo, kamfanin Guinness da ya kafa masana'anta a Ikeja a farkon shekarun 1960, sai yaƙin basasa, inda limamanku suka tsaya a cikin Biyafara, aka kafa ƙungiyar agaji ta Concern a 1968, bayan yaƙin kuma gwamnatin tarayya ta kori da dama daga cikinsu. Wannan babi har yanzu kowa da irin karatun da yake yi masa, ban zo tayar da shi ba. Abin da nake cewa shi ne Arewa ma tana da nata kason. Kwalejin Rimi ta Kaduna, da St. John's ake kiranta. Queen Amina ta Kakuri ita ce Queen of Apostles ta da. Babban cocin Katolika na Maiduguri sunan Patrick yake ɗauke da shi. A Kano da Jos akwai St. Louis. Dubban Musulmi sun bi ta irin waɗannan makarantu sun fito da addininsu da iliminsu, gwaggona shaida ce.

Amma ku tambayi matashi a Kano me ya sani game da ranarku. In ya sani ma, zai ce ranar shan giyar Turawa ce, domin abin da intanet ke nuna masa ke nan. Wannan hoto ba ya shiga yawancin gidajenmu, kuma ba adalci ba ne gare ku. Ranar a kullum cikin azumin Kirista take faɗowa, a 2024 da 2025 kuma cikin Ramadan ta zo. Ƙasar da ta taɓa rufe mashayunta don girmama wannan rana ba za ta rasa yadda za ta yi bikinta da shayi ba.

Roƙona ke nan. A cikin makon bikin ku ware yini guda ku hau hanya ku zo Arewa, Kano ko Kaduna ko Jos, ku zauna da ɗalibai da malamai. Ku zo da wanda zai ba da labarin yunwar, da wanda zai bayyana yadda Katolika da Furotesta suka yi shekara 30 suna kashe juna sannan suka yarda su raba kujerun mulki, har da abubuwan da har yanzu ba su gyaru ba, kamar katangun da ke raba unguwanni a Belfast. Mutanen Jos da Kaduna, waɗanda su ma garuruwansu suka rabu gida biyu, ba za su yi gyangyaɗi a wannan lacca ba. Ku zo da mai magana da harshenku na asali. Kuna da makonni biyu na raya shi daga 1 zuwa 17 ga Maris, ga shi ƙidayar 2022 ta ce masu amfani da shi kullum a wajen makaranta ba su wuce dubu 72 ba, duk da cewa shi ne harshen farko a tsarin mulkinku. Iyayen da ke alfahari 'ya'yansu ba sa jin Hausa ya kamata su ji daga bakinku yadda harshe ke zamewa daga hannun mutane, da irin wahalar dawo da shi. In akwai wuri a mota, ku ɗauko sandunan wasan nan naku na hurling, yaranmu su gwada.

Ajina yana ɗaukar ɗalibai 60 in an matsu, kuma allon yana da kyau. Gwaggona ta ce in za ku zo a gaya mata da wuri, tana so ta tambayi wani abu game da garin Monaghan, inda aka ce sistocinta suka fito.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya kai mu ranar lafiya.

Naku,
Wani malamin tarihi, Kano.